Ibrah Mai Inabi da Garken da Ba a Gani

Faɗana da Ibrah a kan sanda munka yi shi, kuma har gobe in anka tada maganar ni ke da gaskiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Na ɗora tukunyar gurguzu zan yi daddawa, muciyata ta karye, na leƙa lungun da ke tsakanin gidana da nasa, sai ga sanduna uku an kafa a jikin danga, busassu, ba ganye ba fure. Na tumɓuke guda na juya tukunyata da ita. Ta yi mani gajarta, na koma na tumɓuke ta biyu. Ina cikin tunanin ta ukun za ta yi turken akuya, sai na ji ihu kamar gobara ta tashi.

"Inna Haske! Kin kashe ni! Kin kashe ni da raina!"

Na ce, "Wa ya kashe ka, ga ka tsaye da hularka?"

"Inabi ne! Iccen inabi ne kike juya daddawa da shi! Tun daga Libiya na ɗauko su, kwana tara cikin hamada, ruwan da zan sha da shi nike jiƙa masu tsumma!"

Na ce, "To ai sun gode Allah. Sun sauka sun sami aikin yi. Kai da ka ɗauko su, wata biyu ke nan kana zaune."

Har gaban mai unguwa ya kai ni. Mai unguwa ya juya sandunan, ya shinshina, ya ce shi dai a saninsa iccen da ba shi da ganye sunansa sanda. Ya ce Ibrah ya kwashe wadda ta rage ya kai ta cikin gidansa, ni kuma in ba shi curin daddawa uku na ban haƙuri. Ya karɓi daddawar, amma wata guda bai gaishe ni ba. Ni da na goye shi yana jinjiri, ya jiƙa mani zane ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Wanda bai san Ibrah ba bai shiga kasuwar Filinge ba. Dogo ne siriri kamar karan dawa, hula kullum a karkace kamar ita ma tana son ta sauka ta bar shi. Ɗan Sidi ne mai gyaran rijiya, Allah ya jiƙansa, mutum mai hankali; ban san inda hankalin ya bi ba da anka zo rabon gado. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Cutarsa guda ce: in ya so abu, sai ya so shi har abin ya rasa inda zai shaƙi iska. Ya taɓa turke rago don kasuwar Baleyara, ya dinga ɗura masa dusa da harawa da kanwa har ragon ya kasa miƙewa. A amalanke anka kai shi yana kwance kamar Alhaji, da anka isa Ibrah ya dubi idonsa ya ce ba ya iya rabuwa da shi, sunka dawo tare. Ya yi kiwon zabi, don tausayi ya hana su fita rana. Ranar da sunka sami ƙofa a buɗe ba su tsaya ba sai wajen Sanam. Da ya ga gida ya ƙi, ya bi 'yan ci-rani zuwa Libiya, ya shekara huɗu yana ban ruwa a garkar wani Balarabe. Abokan tafiyarsa sun dawo da babur, da katifa, da rediyo mai baki biyu. Shi ya dawo da sanda uku, biyu kun ji inda sunka ƙare.

Ta ukun kuwa ta kama, wannan ba mai ƙwace masa. Ya dasa ta a tsakiyar gida, ya kafa mata rumfa, ta hau ta yi yaɗo har ta cinye tsakar gidan. A shekara ta huɗu ta fara ɗiya. Ranar da Ibrah ya ga nonon inabi na farko yana reto, kore shar, sai tsoro ya kama shi. Ya san garinsu. Ya san mace guda ta leƙo ta danga ta ce "kai, ga kyau" ba ta ce tubarkalla ba, shi ke nan an gama. Sai ya sayo baƙar leda, ya sa kowane nono cikin tasa ya ɗaure bakin da zare. Kowace safiya kuma ya kwance, ya yi masu wanka da buta kamar amare, ya mayar ya ɗaure.

Lokacin nunarsu kuwa yana faɗowa ne cikin marka, sa'adda ko gishiri ke zufa a cikin kwano. Sai ya buɗe leda ya tarar ɗiyan sun tsage, sun yi ruwa, wata furfura toka-toka ta rufe su. Ya ce baki ne ya ratsa ledar. Da shekara ta kewayo ya riɓanya leda biyu. Shekara bakwai ana haka, ba wanda ya taɓa sa inabin Ibrah a baki, har shi kansa. Sunan dai ya bi shi, Ibrah Mai Inabi, kamar yadda ake ce wa makaho Mai Gani.

Matarsa Habsa mace ce mai haƙuri, amma haƙuri ma rijiya ce, tana da ƙasa. Bara, ruwan farko ya zo da iska ya kada masu rumbu, ya kuma zaizaye wurin har ya zama kwazazzabo. Gero kuwa ya yi kyau irin wanda anka daɗe ba a gani ba. Ta tsaya a gindin rumfar ta kira shi da sunan 'yarsu ta fari, yadda ta saba.

"Baban Anisa, shekara bakwai ina share ruɓaɓɓen abinka ina zuba wa kaji, kajin ma sai sun yi shawara su ci. Ga rumbu ya faɗi. Ga gero na tahe. Ina zan sa shi, cikin hularka?"

"Habsa, mai haƙuri shi ka dafa dutse..."

"Na dafa. Tun yaushe yake bisa wuta, romon nike jira. Ji nan da kyau. Ranar da damen farko ya shigo gidan nan, in ban sa inabin nan a bakina na ji zaƙi ba, zan sare shi a gina rumbu a wurin. Na rantse da Wanda ke busa mani numfashi."

Ta kai gatari wurin maƙeri anka wasa, ta dawo ta rataye shi a jikin ginshiƙin rumfar, don icce ya gani, mai icce ya gani. Tun daga ranar Ibrah ya bar cin tuwo da daɗi. In ya je gona ya ga gero ya fid da kai, sauran manoma na hamdala, shi yana tuna gatari.

Ana cikin haka Najiba ta zo ganin gida. Ɗiyar ƙanwarsa ce, tana karatun noma a jami'a a Yamai. Ni da na ji ana zuwa Yamai koyon noma na yi dariya, don ban taɓa ganin gero bisa kwalta ba, amma yarinyar tana da kai. Ta kwance leda guda, ruwa mai wari ya zubo mata a hannu.

"Kawu, wa ya ce ka ɗaure su haka?"

"Bakin mutane, ɗiyata. Kin daɗe a birni, kin manta."

"Wannan ba baki ba ne, funfuna ce, 'yar'uwar wadda ke kama tuwon da ya kwana uku. Ba abin da take so kamar laima da duhu da rashin iska. Kai kuma ka gina mata ɗaki, ka sa mata ƙofa, kana kai mata ruwan wanka."

Ta fito da wani ɗan ƙunshin gari daga jakarta, irin wanda suke gwaji da shi a makaranta. Ta ce cikin garin akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani. Ta ce ba duk ƙwayoyin nan ne na cuta ba, akwai na kirki. In ya dama a ruwa mai tsabta ya fesa wa ɗiyan inabin da la'asar, za su zauna bisa fatar, su cinye abin da funfuna za ta ci, su tare mata wurin zama, su kuma zuba mata abin da ba ta so. Ta ce ya kwance ledojin, ya rage ganye iska ta ratsa, ya bar yi masu wanka.

Duk wannan bayani, abu guda ne ya shiga kunnen Ibrah.

"Tsaya. Kin ce rai gare su?"

"Rai gare su."

"Suna ci?"

"Suna ci."

"Suna haihuwa?"

"Kafin ka dafa shayi ka sha, guda ya zama biyu."

"Su nawa ne a nan ciki?"

"Cokali guda ma, Kawu, sun fi mutanen ƙasar nan yawa, nesa ba kusa ba."

Ibrah ya nemi wuri ya zauna. Mutumin da duk dukiyarsa akuya guda ce mai ido ɗaya, yau ga shi da garken da ko sarkin Fulani bai taɓa mafarkinsa ba. Najiba ta ɗauka ya fahimta, kashegari ta hau mota ta koma Yamai.

Ya wanke bidon mai, wato jarkar roba, babba, ruwan ɗorawa, ya cika shi da ruwan rijiya, ya juye garin da bisimilla. Ya kara ido a bakin bidon ya daɗe yana leƙe. Ba ya ganin komai sai ruwa mai ɗan hazo. Nan take ya gane abin da yarinya ba ta gane ba da duk karatunta: ramammu ne. Shi ya sa ba a ganinsu. Hanyar Yamai ba wasa ba ce, ko mutum ya biyo ta sai ya zube. Wane Bakurfe ne cikin manoman ƙasarmu zai ɗaura wa ramammen sa garma? Ina ake tura mayunwaci yaƙi? Ya ƙudura zai turke su tukuna, su yi ƙiba har a fara ganinsu, sannan ya sake su kan funfuna. Maganar kwance leda kuwa ya ajiye ta gefe, ya ce ba a buɗe gari kafin mayaƙa su shirya.

Ya fara da dusa. Ya bi da ruwan tsari, da ragowar fura, da sukari cokali uku don marmari. Ranar kasuwa ya tare Buba, wani Bafillatani da ke kawo shanu daga wajen Sanam, tsohon abokin wasansa.

"Buba, garkenka nawa yanzu?"

"Kaɗo, ka san ba a ƙidaya shanu."

"Nawa ma ba su ƙidayuwa. Taho ka gani."

Buba ya leƙa bidon da ido guda, ya sauya ido, ya ɗago fuskarsa ba ko murmushi. Ya ce, "Barka, sun yi kyau. Ƙahon ne bai fito ba tukuna. Kana ba su kanwa?"

Ibrah ya dafe kai ya ce ya manta. Ya ƙara kanwa. Daga nan ya wuce wurin liman ya tambaya ko zakka ta hau kansa. Liman ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce sai sun shekara a hannunsa, kuma sharaɗi ne wanda anka ba ya ga abin da anka ba shi.

Saboda ya tuna zabinsa, ya murɗe murfin bidon tam, ya naɗe da roba, kada a wayi gari sun bi hanyar Sanam. Saboda sanyin marka, kowace hantsi ya fid da su rana su sha ɗumi. Kwana biyar bidon ya fara kumbura. Kwana bakwai ya zama kamar jaka mai cikin wata goma, in ka kara kunne kana jin guna-guni a ciki. Ibrah ya bi gari yana shela, sun fara ƙiba, har kuka suna yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya gayyato dattawan unguwa su zo su sa albarka. Sunka kewaye bidon da fararen rigunansu. Liman ya sunkuya zai tofa addu'a, Ibrah ya ɗan taɓa murfin. Ni ina gidana na ji ƙarar, na ce taya ce ta fashe a tasha. Da na fito, sai ga dattawan gari suna fita gidan Ibrah a guje, dusa a gemu, tsami a rawani, liman na gaba yana ta innalillahi, takalminsa guda a hannu. Murfin kuwa a gidan maƙeri anka tsince shi.

Ibrah ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ya zauna makoki. Mutanen Filinge kuma, da ba su barin abin dariya ya wuce su, sunka yi ta zuwa layi-layi.

"Ya haƙuri, Ibrah?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

"Su nawa ne sunka rasu?"

"Allah kaɗai ya san adadi."

Ni ma na yafa gyale na je. Na ce, "Allah ya sa sun huta, don a hannunka ba hutu sai na kabari." Habsa ba ta fito karɓar gaisuwa ba. Tana ciki tana jiƙa laka, tana tara itacen ginin rumbu a gindin rumfar inabi. Gero ya fara ja, masu gonar tudu har sun fara tumu. Ibrah ya leƙa leda biyu ya tarar furfurar ta riga ta sauka. A nan ne dariya ta ƙare masa, don shi ya san abin da ya sha a hamada da tsumman nan a ƙirjinsa, ya kuma san rantsuwar Habsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Ya ari salula ya kira Najiba. Da ta ji labari, ba a sani ba ko kuka take ko dariya. Ta ce garin ya ƙare, ba za su sami wani ba sai bayan girbi. Ta roƙe shi don Allah ya kwance ledar. Sannan ta ce, "Ka san abin haushi, Kawu? Danginsu na nan jikin dangarka. Irinsu ne ke nunar da daddawar Inna Haske. Ban ce su ne sak ba, ban kuma ce zai yi ba, kada ka..." Kafin ta ƙarasa ya mayar wa mai salula abinsa. Rashin sani ya sa kaza ta kwana bisa dame da yunwa.

Da hantsi ina tankaɗe toka sai na ji sallama. Ibrah ne cikin babbar rigarsa ta Salla, da goro a ganye, ga Buba a bayansa da sanda a kafaɗa. Sunka tsuguna. Buba ne ya yi magana, don an zo da shi ne a matsayin shaida.

"Inna, kin san al'adarmu ta habbanaye. In mutum ya rasa garkensa, ɗan'uwa na ba shi aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'yan maruƙa ya maido uwar. Wannan kaɗon ya yi hasara, duk gari ya shaida. Ya zo neman habbanaye wurinki."

Na ce, "Ni ke da garke ban sani ba?"

Ibrah ya ce, "Cikin tukunyarki suke, Inna. Shekara sittin kina kiwo, ko zakka ba ki taɓa fiddawa ba."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na dubi fuskarsa. Ya rame, wuyan nan ya ƙara tsawo. Na tuna Najiba ta shigo gaishe ni ta faɗa mani abin da ta ce masa game da leda da iska, na kuma san maganar hankali ba ta shiga kunnen Ibrah ta ƙofar gaba, sai ta tsallaka danga. Na gyara zama na ce na yarda, amma nawa ba irin na Yamai ba ne, 'yan daji ne, suna da sharaɗi.

"Ba su cin dusa. Ka ba su fura, zagi ne. Ba su kwana a bido. Ranar da ka ɗauka ranar za ka kai su kiwo bisa iccenka. Kuma sun tsani leda. Sun ga baƙar leda guda a gidanka, za su dawo mani kafin magariba. Suna son sarari su ga gabas su ga yamma, saboda haka ganyen nan sai ka rage shi. Wanka kuwa, ko kakansu bai taɓa yi ba."

Ƙarya nike, don kowa ya san daddawa a rufe take nuna, har da tsumma ake lulluɓe ta. Amma Buba ya gyaɗa kai ya ce haka shanun daji suke, Ibrah ya rantse zai kiyaye.

Na ɗebo cikin tafi daga wadda ta kwana uku, lokacin da take yauƙi, na dama a ruwa mai yawa, na tace da kallabi sau biyu. Na bi shi har gida don ban yarda da shi ba. Nono arba'in da ɗaya ne a rumfar. Yana kwance leda yana ƙwalla kamar mai tuɓe matarsa a kasuwa. Waɗanda sunka ruɓe na sa ya yanke ya binne a bayan gida. Ya tsinke ganye har rana ta fara leƙowa ƙasa. Da la'asar ya tsoma sabuwar tsintsiya a ƙwarya ya dinga yayyafawa, yana yi masu irin kiran da makiyaya ke yi wa shanu.

Gidan Ibrah ya ɗauki ƙamshin miya, ba tukunya bisa wuta. Karnukan unguwa sunka tare a ƙofa. Wata baƙuwa ta shigo da kwano tana tambaya ko nan ake suna. Shi kuwa ya ɗauki kujera ya zauna bakin danga, duk wanda ya wuce, ko bai duba ba, sai ya tsai da shi ya ce tubarkalla. Har wani jami'in ruwa da ya zo duba famfo sai da ya faɗa sau uku kafin a ba shi hanya. Duk bayan kwana uku Ibrah ya zo ya karɓi sabon garke, in tambaye shi ko ya ba su wani abu, ya ce wallahi ko gaisuwa daga nesa yake yi masu.

Sati uku ana haka. Ruwa ya fara tsagaitawa. Wasu sun ci gaba da ruɓa, ana yankewa. Amma tara sun tsaya, sunka yi jawur, sunka koma baƙi-baƙi da sheƙi. Daga baya Najiba ta ce ba mai iya rantsuwa ko garkena ne, ko iska ce, ko ɗaukewar marka, sai an gwada an sake gwadawa. Ni ma ban sani ba. Na dai san ba leda ba ce.

Ranar da damen farko ya shigo bisa jaki, Habsa ta sauke gatari daga ginshiƙi, ta kifa turmi ta zauna, ta ɗora shi bisa cinya. Matan unguwa munka jeru a danga. Ibrah ya yanko nono guda, ya wanke sau uku, ya kawo bisa faifai ya durƙusa. Ta tsinki ƙwaya guda ta sa a baki. Ta tauna a hankali, tana duban sama.

"Da ɗan warin miya."

Ibrah ya runtse ido. Ta tsinki ta biyu.

"Ban gane ba tukuna."

Ta uku, ta huɗu, har faifai ya koma tsinke. Ta share baki ta ce, "Kawo wani. Ba a yanke shari'a da shaida guda." Ya kawo. Ta ce shaida biyu ma suna iya haɗa baki. Sai da ta tashi da uku, mu muna danga muna haɗiyar miyau, sannan ta miƙe da gatarinta ta nufi gindin iccen. Ibrah ya dafe ƙirji. Ta tsaya, ta dubi iccen sama da ƙasa, ta wuce shi. Ba ta zame ba sai rumfar da ke bakin ƙofa, inda Ibrah da abokansa ke wuni suna dafa shayi suna gyara duniya. Sara huɗu ta kai ta ƙasa.

"Nan za a gina rumbu. Abokanka su nemi gindin dogon yaro. Kuma daga yau ni ke ba icce ruwa, kai naka kallo."

Ibrah ya yi ta godiya kamar an ba shi kujerar Makka. A ranar kowace mace a danga ta sami ƙwaya uku. Ni na sami biyar, don ba ni da haƙori, abin ya dace da ni. Akwai zaƙi, ba zan ɓoye ba, akwai kuma warin da na sani.

Da labari ya kai Yamai, malamin su Najiba ya ce yana son ganin mutumin da inabinsa. Tafiyar kwana biyu ce, amma yau wata uku ke nan da tafiyar Ibrah bai dawo ba; an ce wani mai garka a bakin kogi ya riƙe shi yana nuna masa dashe. Icce na nan lafiya lau a hannun Habsa, ya ma fi da. Safiyar da zai tafi ya shigo mani da nono biyu cikin kwando a buɗe, da wani ɗan bido a hammata, wari na gaba yana biye. Ya tsuguna ya ce ya zo maido habbanaye kamar yadda al'ada ta ce, sai dai ya kwana biyu yana leƙe ya kasa rarrabe uwaye da 'yan maruƙa, ko zan taimaka masa da ido.

Na ce, "Ɗauke mani abin nan daga tsakar gida. Na bar maka su, uwa da ɗiya da jikoki. Abu guda nike roƙonka, Ibrah: in malaman can sun tambaye ka wa ya koya maka, ka ce kai ka gano da kanka. Shekara sittin ina sai da daddawa da mutuncina, ba na son a ji a Yamai cewa da hannuna anka zuba wa icce miya."